Babi na Biyu: Yadda Ake Fara Rubuta Labarin Tafiya

Labarin tafiya, wanda malaman Larabci suke kira rihla, shi ne rubutun da mutum yake yi a kan wata tafiya da ya yi da kansa, inda yake bayyana hanyar da ya bi da garuruwan da ya sauka da mutanen da ya haɗu da su, tare da abin da ya fahimta game da zamansu da sana'o'insu. Ya bambanta da ƙagaggen labari domin marubucinsa ba shi da ikon ƙirƙiro abin da bai faru ba, ya kuma bambanta da littafin labarin ƙasa domin ba ya ɗaukar nauyin bayyana ƙasa gaba ɗayanta, iyakarsa ɗan yankin da idon mutum ɗaya ya iya kaiwa a cikin kwanakin da ya yi. Abin da mai karatu yake nema a cikinsa shaida ce ta wanda ya je ya gani, saboda haka darajar irin wannan rubutu tana rataye ne da yadda aka tattara shaidar tun ana kan hanya, kafin a zo maganar daɗin harshe ko tsarin babi.

Tafiya ta daɗe da zama wa Hausawa jiki. Fatake sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja, su tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu har su isa Salaga a arewacin Ghana ta yau, su komo da goro bayan watanni masu yawa, duk a ƙarƙashin madugu, wato shugaban ayari, wanda ya san kowane zango da kowace rijiya da kowane sarkin da sai an kai masa gaisuwa kafin a wuce. Alhazan da kuwa, kafin jirgin sama ya yawaita, ta ƙasa suke bi, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna yada zango su yi noma ko ƙodago don su sami guzurin gaba, har wasu su shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu ma su zauna a Sudan din-din-din tare da zuriyarsu. Amma daga cikin dubban waɗannan tafiye-tafiye kaɗan ne ƙwarai suka shiga takarda, domin ilimin madugu a kansa yake, ranar da ya rasu kuma da shi ake binne shi. Abin takaici ne a ce mai binciken da yake son sanin kuɗin da ake sayar da turmin zane a Kano shekara ɗari da saba'in da suka wuce sai ya nemi littafin Bature, alhali dubban mutanen da suka saya suka sayar a kasuwar Kurmi sun fi Baturen sanin farashin nesa ba kusa ba. Har yau ma giɓin bai cike ba, ganin cewa dubun-dubatar maniyyata suna tashi daga Najeriya da Nijar kowace shekara, 'yan kasuwa suna zirga-zirga tsakanin Kano da Kwatano da Dubai da Guangzhou, ɗalibai suna Alƙahira da Madina, amma abin da ake samu a rubuce da Hausa game da waɗannan wurare bai taka kara ya karya ba.

Kayan aikin farko na marubucin tafiya littafin aljihu ne, wato ɗan ƙaramin littafin da yake rubuta abin da ya gani a ranar da ya gan shi, kuma babu abin da yake nuna muhimmancinsa kamar kwatanta manyan matafiya biyu na duniyar Musulunci. Ibn Jubair, wanda magatakarda ne a fadar mai mulkin Garnaɗa a Andalus, ya tashi zuwa aikin hajji a 1183 ya komo gida a 1185, kuma ya tsara labarinsa wata bayan wata, yana ambaton ranar da aka ga jinjirin wata da ranar da aka tashi daga kowane gari. Saboda yana rubutawa yana tafe, ƙananan abubuwa ba su kuɓuce masa ba: ya bayyana yadda ma'aikatan kwastan na Iskandariya suka bincike kayan fasinjoji cikin cunkoso har wasu kaya suka salwanta, ya kuma bayyana jiragen ruwan Aizab da suke ƙetarar da alhazai zuwa Jidda, waɗanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakonsu. Ibn Baɗɗuɗa kuwa, wanda ya bar Tanja a 1325 ya yi kusan shekara talatin yana yawo har Indiya da Maldif da Mali, bai zauna ya tsara labarinsa ba sai bayan ya komo Maroko, inda Sarki Abu Inan ya haɗa shi da wani marubuci mai suna Ibn Juzayyi, yana faɗa ana rubutawa, aka kammala a ƙarshen 1355. Shi da kansa ya faɗi cewa wasu abubuwan da ya kwafa a Bukhara sun ɓata lokacin da 'yan fashin teku suka yi masa ƙarƙaf a gaɓar Indiya. Sakamakon haka shi ne, duk da cewa littafinsa taska ce da ba ta da na biyu, masana sun gano cewa shekaru sun rikice a wasu sassansa, kuma bayanin wasu birane irin su Dimashƙa da Makka da Bagadaza an ɗebo da yawa daga cikinsa ne daga littafin Ibn Jubair, wanda ya riga shi da fiye da shekara ɗari. Idan ƙwaƙwalwar alƙali masani irin Ibn Baɗɗuɗa ta gaza riƙe komai, to sabon shiga ba shi da dalilin dogara da tasa.

A wannan zamani wayar hannu tana iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, ta riƙe hoto da murya da lokaci, kuma babu laifi a yi amfani da ita. Sai dai hoto ba ya riƙe wari ko zafin rana ko abin da direba ya ce lokacin da mota ta tsaya a shinge, sannan wayar takan mutu ko a sace ta a daidai inda aka fi bukatarta. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce mutum ya keɓe ɗan lokaci kowane dare, bayan lisha kafin barci ya ɗauke shi, ya rubuta abin da ya wakana a yinin ko da a gaggauce ne, domin abin da aka bari sai gobe yakan gauraya da na goben.

Tambayar da take biyo baya ita ce me ya cancanci a rubuta, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke kuskure, domin idonsu yakan tafi ga fada da babban masallaci da dogon bene, abubuwan da kowa ya riga ya ji labarinsu. Abin da yake ƙara daraja da tsawon zamani shi ne abin da mutanen gari suke ganin bai kai a faɗa ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zagaya wannan yanki tsakanin 1850 da 1855 da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zana fasalin birnin, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin da ayarori suke shigowa. Ya bi diddigin inda ake kai baƙin zanen da marinan Kano suke rinawa, ya rubuta farashin kaya da wuri, wato kuɗin da ake ciniki da shi a lokacin, ya kuma nuna cewa wajen wuri 2,500 ne suke daidai da dalar azurfa ɗaya. Babu Bakanon wancan zamani da zai ga dalilin rubuta irin wannan lissafi, amma shi ne ya sa har yau ake komawa ga mujalladai biyar da ya wallafa a 1857 da 1858. Ya kamata a lura kuma cewa Barth ya koyi Larabci da Hausa da Barbarci, yana magana da mutane baki da baki, wanda hakan ne ya raba shi da matafiyan da suka dogara da tafinta suka komo da rabin labari.

Mai son gwada wannan ba ya bukatar fita daga jiharsa. Tashar mota kaɗai ta isa babi guda ga wanda ya buɗe ido: ɗan kamasho yana kiran sunan gari yana fizgar jakar fasinja, motar da take kan layi ta yi awa biyu tana jiran mutum ɗaya, wasu suna zaune a ciki don a ga kamar ta kusa cika sannan su sauka ɗaya bayan ɗaya, yaran mota suna ɗaure lodi a kan but ɗin da ya ƙi rufuwa, mai shayi yana sheƙa ruwan zafi daga kofi zuwa kofi, almajiri yana addu'ar a sauka lafiya a bakin taga. Kuɗin kujerar gaba daban yake da na baya, kuɗin kaya kuma sai an yi ciniki, kuma duk wannan tsari ne mai dokokinsa da shugabanninsa wanda zai iya sauyawa gaba ɗaya cikin shekara ashirin, kamar yadda jakin fatake ya ba gingimari wuri. Kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, inda dillali yake tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa, ko karofin Ƙofar Mata, ko kasuwar hatsi ta Dawanau, kowannensu ya fi wata ƙasar waje da aka yi kwana uku a ɗakin otal ɗinta ba marubuci abin faɗa. Farawa da kusa yana da wata fa'ida kuma, ita ce mutum yana jin harshen, yana iya komawa ya tabbatar da abin da ya yi shakka a kai, kuma idan ya yi kuskure akwai wanda zai gyara masa.

Duk wani adadi da aka rubuta wajibi ne a haɗa shi da kwanan wata da wuri, in ba haka ba ya zama ɓata. Kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna kafin a janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ba shi da alaƙa da na bayan janyewar, kuma wanda ya rubuta cewa ana ƙetara iyaka a Kwangwalam ko Jibiya ko Illela cikin sauƙi ba tare da ya faɗi shekara ba zai iya jefa mai karatu cikin wahala, tunda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka kuma sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Haka ma ma'auni da ƙidaya suna sauyawa daga gari zuwa gari ko da harshe ɗaya ne. Mudu ko tiyar wata kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta wata ba, sannan a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, kowace dala kuwa sefa biyar ce, ta yadda idan mai tebur a Damagaram ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Baƙon da bai tambaya ba zai rubuta farashin da ya gaza na gaskiya sau biyar, ya kuma yaɗa shi da zuciya ɗaya.

Wannan ya kai ga ƙa'idar da ta fi kowace nauyi, wato rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma marubucin tafiya baƙo ne a ko'ina, yana ganin zahirin abu ba tare da ya san dalilinsa ba, yana kuma jin bayani daga bakin mutanen da kowannensu yake da tasa manufa. Ibn Baɗɗuɗa, a tafiyarsa ta Mali a 1352 da 1353, ya ga garin Tagaza da idonsa, ya bayyana gidaje da masallacin da aka gina da sassaƙen gishiri aka rufe da fatun raƙuma, kuma ba a samu mai ƙaryata shi ba. Amma da ya ga kogin Kwara sai ya ɗauka Nilu ne, ya bi abin da aka gaya masa ya haɗa shi da Masar, kuskuren da ya yi daidai da fahimtar masanan zamaninsa. A Takedda kuma, a yankin Azbin, ya ba da labarin cewa ana kai tagulla wata ƙasa da masana da yawa suke ganin Gobir ce, wadda bai taka ba, ji kawai ya yi. Dukan bayanan biyu, na gani da na ji, suna da amfani, muddin mai karatu ya san matsayin kowanne. Saboda haka ya kamata a cikin littafin aljihu a riƙa sa alama a gefen duk abin da aka ji daga wani, a rubuta ko wane ne ya faɗa, direba ne ko limami ko mai masauki, sannan a cikin labarin a fito da shi da lafazin da yake nuna haka, irin su an ce, ko mutanen garin suna cewa. Tarihin kafuwar gari musamman yana bukatar wannan taka-tsantsan, domin kusan kowane gari yana da riwaya fiye da ɗaya, kuma wadda aka fara gaya wa baƙo yawanci ta gidan da ya sauka ce.

Batun wanda ake rubuta wa shi ma yana yanke abubuwa da yawa. Dorugu, yaron da aka kama bauta a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Barth har Timbuktu sannan ya ƙetare Sahara tare da shi zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta daga bakinsa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya sa labarinsa ya yi armashi shi ne ya kalli Turawa da idon Bahaushe, har yadda suke zama cin abinci ya zama abin lura da bayani, kamar yadda su ma suke yi wa al'adun wasu. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma wadda Nnamdi Azikiwe ma yana cikinta, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don masu karatun da mafi yawansu ba su taɓa ganin teku ba. Darasin da ke cikin ayyukan biyu shi ne marubuci ya san abin da mai karatunsa ya riga ya sani, ya gina sabon a kansa, ya auna nisan wuri da nisan da aka saba, ya auna girman kasuwa da kasuwar da aka sani, maimakon ya jero sunaye da lambobin da ba su kawo wata sura a zuciya. Tafiyar Imam tana tuna wani abu kuma: gayyatar hukumomin Ingila ce, su suka tsara inda za a je da wanda za a gani. Babu aibi a tafiyar da wani ya ɗauki nauyinta, ko gwamnati ce ko kamfani ko ƙungiya, amma haƙƙin mai karatu ne a gaya masa, domin wanda ya biya kuɗin jirgi yakan zaɓi tagar da za a leƙa.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da aka rubuta labarinsu, waɗanda ba su nemi a sa su a littafi ba. Wanda ya sauki baƙo ya ba shi ɗaki da tuwo ya saki jiki da shi a hira bai yi haka don a fallasa talaucinsa ko rigimar gidansa ba, saboda haka abin da zai kunyata shi ko ya jawo masa fitina da hukuma sai a bar shi, ko a sakaya suna da unguwa. Hoton mutum, balle na matan aure da yara, ba a ɗaukarsa sai da izini, kuma a wuraren da ake fama da rashin tsaro bayyana gidan da aka kwana ko ranar da 'yan kasuwa suke bin wata hanya da kuɗi a jikinsu yana iya zama sanadin asarar rai. Raini ma wani nau'in zalunci ne da matafiya suke yawan faɗawa ciki. Ibn Baɗɗuɗa ya yi wa kyautar saukar baƙo da sarkin Mali, Mansa Sulaiman, ya aika masa dariya, don ya tarar gurasa ce uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono alhali yana sa ran riguna da dukiya, kuma mai karatun yau yakan fahimci halin baƙon daga wannan wuri fiye da yadda yake fahimtar halin sarkin. Marubuci yana da damar ya ce abinci bai yi masa daɗi ba ko tsarin wani gari bai burge shi ba, amma ya wajaba ya fara tambayar dalilin da ya sa mutanen suke yin abin yadda suke yi.

Bayan an komo gida ne ake shiga aiki na biyu, wato mayar da abin da ke cikin littafin aljihu labari, kuma wannan aiki sheƙa ce, a bar iska ta kwashe ƙaiƙayi tsaba ta zauna. Sabon marubuci yakan ji tsoron zubar da komai, sai ya fara daga tashinsa da asuba da haɗa kaya da sallama da iyali, ya bi kowace rana da tsawo ɗaya, har mai karatu ya gaji kafin mota ta bar gari. Abin da ya fi shi ne ya tambayi kansa wane abu ɗaya ne tafiyar ta nuna masa wanda bai sani ba a da, ko yadda hatsi yake ƙetara iyaka ne, ko yadda Hausawan zangon Kumasi suke riƙe da harshensu, ko abin da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya sauya wa matafiya tun da aka buɗe shi a 2016, sannan ya ba ranakun da suka shafi wannan abu fili, ya taƙaita sauran a jimla ɗaya ko biyu. Maganganun mutane a kawo su yadda suka faɗe su, da karin harshensu, kada a mayar da Basakkwace ko Badamagare Bakano don neman daidaito, kuma kada a sa wa wani magana a baki don ta yi daɗin karatu. Kalmomin yabo irin su kyakkyawa da ƙasaitacce da ban mamaki a rage su, a sa abin da aka gani a madadinsu, domin faɗin adadin ƙofofin masallaci da irin ƙasar da aka gina shi da ita ya fi gamsarwa.

Kafin a kai rubutun ga jarida ko maɗaba'a, yana da kyau a karanta wa wani ɗan garin da aka yi labarinsa, domin shi ne zai gane sunan unguwar da aka karkata, da sarautar da aka ba wanda ba shi ne mai ita ba, da ranar kasuwar da aka musanya. Littafin aljihun kuma a adana shi ko bayan an buga labarin, a rubuta shekara da hanyar da aka bi a bangonsa, saboda idan wani ya yi jayayya da wani adadi ko wata magana a nan ne za a koma, kuma sau da yawa abin da aka zubar a labarin farko shi ne yake zama tushen na biyu idan an sake bin hanyar bayan wasu shekaru.